Hoto ya ce babu karaya, amma haƙoran ƙanena sun daina haɗuwa

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah idan akwai likita ko ma'aikacin asibiti a nan, ya daure ya karanta har ƙarshe, hankalina a tashe yake.

Autanmu ne, shekararsa 22. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, yana dawowa daga gona a hanyar Bakori zuwa Funtua da buhun masara ɗaure a bayan babur, sai akuya ta gifta masa. Ya taka birki, babur ya zame, shi kuma ya kifa, haɓarsa ce ta fara dukan kwalta. Babu hular kwano a kansa. Waɗanda suka ɗago shi sun ce bai suma ba, da ƙafarsa ya miƙe, sai dai jini ta haɓa da ta baki, da ɗan kaɗan ta kunnen hagu. Suka kai shi wani asibiti da ke kusa. An yi masa ɗinki huɗu a ƙarƙashin haɓa, an yi masa allurar tetanus, sannan aka ɗauki hoton kansa guda ɗaya, ta gaba. Wanda ya duba hoton ya ɗaga shi ta wajen taga ya ce ƙashi lafiya lau, buguwa ce kawai, kumburi zai sace. Aka rubuta mana maganin ciwo, muka dawo gida muna hamdala.

Yau kwana biyar ke nan. Kumburin ya ɗan sauka, amma yaron nan bai tauna ko ƙwayar shinkafa ba. Jiya Inna ta tuƙa masa tuwon masara mai laushi da miyar kuka, ya kai loma ɗaya, sai ga hawaye. Koko da fura kawai yake iya zuƙa, su ma ta gefen baki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne idan ya rufe baki, turamensa na hagu ne suke fara taɓa juna, na dama kuma akwai rata tsakaninsu, har na zura katin waya ya wuce. Ni na goyi yaron nan, na san bakinsa, haƙoransa a jere suke tun yana ƙarami. Idan na ce ya buɗe, yatsa ɗaya da ɗan abu ne ke shiga, kuma haɓar sai ta karkata hagu. Leɓensa na ƙasa ta dama ya mutu, koko yana zuba ta wurin bai sani ba sai an gaya masa. Na haska da fitilar waya, ƙarƙashin harshensa ya yi baƙi kamar nunanniyar ɗinya, kuma a bayan fiƙarsa ta dama dasashin ya yage, haƙori ɗaya ya fi na kusa da shi tudu. Tun jiya bakin ya fara wari.

A gida kan ya rabu. Inna ta ce tunda an yi hoto an ce babu karaya, mu bar wa Allah. Baffanmu ya ce targaɗe ne, a kai shi wajen mai ɗori ya mayar. Maigidana ya ce a kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, amma ba a sayar da amfanin gona ba tukuna, kuma ba mu san me za mu tarar ba.

Tambayata: shin hoto yana iya kasa ganin karaya? Idan haka ne, wane irin hoto za mu nema, da wane suna za mu kira shi? Wata maƙwabciyarmu ta ce siti sikan, amma ta ce haskensa yana da illa. Ku taimaka mini da abin da kuka sani.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ni ma na taɓa faɗuwa a mashin a hanyar Giwa, muƙamuƙina ya riƙe, na yi kusan sati biyu ina shan kunu, daga baya ya saki da kansa. A riƙa gasa masa da ruwan ɗumi safe da yamma, a shafa man zafi. Ku ba shi sati ɗaya ku gani. Idan bai saki ba, maganar Baffa ma ba abin yarwa ba ce, akwai masu ɗorin da Allah ya ba hannu.

Mai Ɗakin Hoto ya amsa:

Hajiya, sannu da jinya. Shekara 14 ke nan ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma zan fara da amsar tambayarki ta farko kai tsaye: ƙwarai kuwa, hoto yana kasa ganin karaya, kuma muƙamuƙin ƙasa na cikin wuraren da aka fi yin wannan kuskure. Da girmamawa ga Baban Khalifa, kada ku jira sati ɗaya. Nasa muƙamuƙin ya riƙe ne kawai. Na ƙanenki haƙora sun daina haɗuwa, leɓe ya mutu, jini ya taru a ƙarƙashin harshe. Kumburi ba ya sauya wa haƙora mazauni. Haƙori a cikin ƙashi yake dashe, idan ya matsa to ƙashin da ke riƙe da shi ne ya matsa.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake. Hoton eksire inuwa ce. Haske yana ratsa jiki ya faɗa kan faranti, ƙashi ya tare shi ya fito fari. Idan mutum biyu suka tsaya ɗaya a bayan ɗaya da hantsi, inuwa ɗaya za ki gani a ƙasa. To hoton kai ta gaba haka yake: ƙashin wuya yana faɗawa daidai kan haɓa, ƙashin bayan kunne mai kauri kuma yana faɗawa kan gaɓar muƙamuƙi. Wuraren nan biyu da inuwa ta rufe su ne kuma wuraren da nake zargi a jikin ƙanenki. Sau da yawa ma idan an rubuta mana "hoton ƙoƙon kai", saitin da muke yi na ƙoƙon kai ne, haɓa tana can ƙasan faranti ko ta fita gaba ɗaya. Shi ya sa ƙa'idarmu ta farko a kowace karaya ita ce hoto biyu daga kusurwa biyu daban. Hoto ɗaya ba ya wanke ƙashi.

Abu na biyu, siffar muƙamuƙin kansa. Ki sa yatsa a gaban kunnenki, ki buɗe baki ki rufe, za ki ji wani ɗan kai yana motsi. Nan ne muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan kika haɗa lanƙwasar muƙamuƙin da gindin ƙoƙon kai, zobe ne. Ki ɗauki ƙuli-ƙuli mai zobe ki danna shi da yatsa, da wuya ya karye wuri ɗaya, sai ya ɓalle a inda kika danna ya kuma ɓalle a can ɗaya gefen. Haka muke gani kullum. Mutum ya bugu a haɓa ta dama, ƙarfin dukan ya bi ƙashi ya je ya karya siririn wuyan da ke ƙarƙashin wancan ɗan kan na hagu. Saboda haka mu a ɗakin hoto idan muka ga karaya ɗaya a muƙamuƙi, ba ma cewa mun gama, sai mun nemi ta biyu. Abin da kika faɗa, turamen hagu na riga haɗuwa, haɓa na karkata hagu idan ya buɗe baki, ga jini ta kunnen hagu, duk suna nuni ne zuwa wannan wuyan na hagu. Mutuwar leɓe kuma ta dama take. Akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙi ta fito ta wata 'yar huda a ƙasan haƙoran da ke bayan fiƙa, ita ke kai wa leɓen ƙasa da haɓa ji. Idan ƙashi ya karye a kan hanyarta, leɓe sai ya sage kamar an yi masa allurar cire haƙori.

Yanzu sunayen hotunan. Na farko da za ki riƙe shi ne OPG, ki faɗi haruffan haka, o-pi-ji, duk ma'aikacin sashen haƙori ya san shi. Mutum yana tsayawa ko ya zauna, ya ɗora haɓa a kan wani ɗan madogari, na'ura ta zagaya kansa na kimanin sakan 15 zuwa 20. Abin da ke fitowa shi ne muƙamuƙin gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne, an warware lanƙwasarsa an shimfiɗe kamar tabarma, da haƙora duka a jere. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Finlan, Yrjö Paatero, shi ya yi aikin da ya kai ga wannan na'ura tun daga ƙarshen shekarun 1940. Akwai wani tsohon bincike na 1986 a Amurka da aka gwada shi da jerin hotunan muƙamuƙi na gargajiya, OPG ya kama kashi 92 cikin 100 na karaya, su kuma suka kama 66. To ki kwatanta da hoto ɗaya tak da aka yi muku, wanda ma ba na muƙamuƙi ba ne.

Amma shi ma OPG yana da makanta. Tsakiyar haɓa ba ta fita sosai, saboda inuwar ƙashin wuya. Kuma yana nuna gocewar sama da ƙasa ne, ba ya nuna idan gutsuren ƙashi ya faɗa ciki ko ya fito waje. Don haka muke haɗa shi da na biyu, hoton muƙamuƙi daga baya zuwa gaba, wanda muke ce wa PA: mutum ya jingina goshi da hanci a faranti, haske ya shigo ta ƙeya. Idan ana zargin gaɓar kunne akwai na uku mai suna Towne, a sunkuyar da kai, a buɗe baki, a karkata hasken don kan gaɓar ya fito daga inuwar ƙashin kunne. Matsalar wannan ita ce mai karaya ba ya iya buɗe bakin yadda ake so. Na sha tsayawa ina lallashin majiyyaci ya ƙara buɗewa kaɗan, yana gumi, daga ƙarshe hoton ya fito da duhu a daidai wurin da ake nema. Idan kuma tsakiyar haɓa ake shakka, akwai ƙaramin fim da ake ciza tsakanin haƙora a ɗauka daga ƙasan haɓa.

Sai siti sikan. Shi ba inuwa ɗaya yake ba da wa ba. Yana yanka kai ne yanki-yanki da haske, sirara ƙwarai, kamar yadda ake yanka albasa, kwamfuta ta haɗa su, likita ya duba ta gaba, ta gefe, ta sama, har ya juya ƙashin a allo kamar yana hannunsa. Babu ƙashin da ke ɓoye wani. Ga karayar gaɓar kunne, musamman wadda ta faru a cikin kan gaɓar, babu kamarsa. An fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971, kuma injiniyan da ya ƙera shi, Godfrey Hounsfield, ya sami kyautar Nobel a 1979. Kuɗinsa ya ninka na OPG nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, shi ya sa ba kowa ake turawa ba. Idan karayar guda ce mai sauƙi a jikin muƙamuƙi, OPG da PA sun wadatar. Ana neman siti idan akwai zargin gaɓar kunne, ko ƙashi ya farfashe, ko fuska ta sama ma ta bugu, ko ana tsoron ciwo a kai da wuya, ko majiyyaci ba ya iya tashi zaune.

Maganar illar haske kuwa, maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, amma a auna abin. Kowane ɗan Adam yana shan irin wannan haske daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, a matsakaici kimanin milisibat 2.4 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha). OPG ɗaya kamar na 'yan kwanaki ne daga ciki. Sitin kai kuma kimanin milisibat 2, wato bai kai na shekara guda ba. Ba abin da za a riƙa yi don marmari ba ne, kuma mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka, amma saurayi ɗan shekara 22 da jini ta kunne, ba zan yi shakkar kwantar da shi a na'urar ba ko da ɗana ne.

Ku tafi da tsohon hoton da takardar magungunan da aka ba shi. Idan yana da sarƙa ko laya a wuya a cire kafin a ɗauka, ƙarfe yana ɓata hoto. Ko haƙorin Makka sai mun tambaya, don a siti yana watsa haske kamar tauraro ya rufe abin da ke kusa da shi.

Maman Ummi ta amsa:

'Yar'uwa, na karanta labarinki jikina ya yi sanyi, don ni na ga ƙarshen irin wannan a kan 'yata. Tana shekara biyar ta faɗo daga kan katangar maƙwabta, haɓa ta fashe. Aka ɗinke, ba a ma yi maganar hoto ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta yi kwanaki tana cewa kunnenta na ciwo idan tana cin abinci, muka ɗauka sanyi ne, muka ɗiga mata magani. Ciwo ya wuce, muka manta.

A hankali abin ya zo. Na lura ta daina gatsar mangwaro, sai an yanka mata. Daga nan cokali ya daina shiga sai ta kwantar da shi. Kafin ta cika tara bakin ba ya buɗuwa ko faɗin yatsa, burushi ba ya shiga, haƙora suka fara ruɓewa, haɓarta kuma ta ƙi girma, ta koma baya ta karkace gefe guda. Har cewa aka yi iska ce. Da muka je Asibitin Koyarwa na Aminu Kano aka yi mata siti, likita ya juya mini allo ya nuna mini: gefe ɗaya akwai gaɓa da rata a tsakaninta, ɗaya gefen kuma ƙashin muƙamuƙi da na ƙoƙon kai sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya. Ya tambaye ni ko ta taɓa faɗuwa a kan haɓa. Na nuna masa tabon. Ya ce tun ranar kan gaɓar ya fashe, jini ya taru a ciki, ya zama ƙashi. Ya ce a yara wurin nan ne muƙamuƙi yake girma, shi ya sa haɓar ta tsaya.

An yi mata tiyata, an raba ƙashin, sannan muka yi watanni ana tura mata 'yan katakon duba maƙogwaro tsakanin haƙora, kullum a ƙara ɗaya, tana kuka ina kuka, don kada ya sake haɗewa. Alhamdu lillahi yanzu tana cin komai. Amma duk uwar da ke karanta wannan, idan yaro ya fashe haɓa, a taɓa gaban kunnuwansa biyu a tambaye shi, a duba yadda yake buɗe baki. Ke kuma Yayar Auta, ko bashi ne ku ci ku tafi gobe.

Likitan Baki ya amsa:

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ina aiki a sashen tiyatar baki da fuska. Malam Mai Ɗakin Hoto ya gama bayanin hotuna, ba ni da gyara, sai 'yan abubuwa ta ɓangarenmu.

Mu da hannu da ido muke fara gano karayar muƙamuƙi, hoto yana zuwa ne ya tabbatar ya kuma nuna mana yadda za mu gyara. Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya bugu a fuska ita ce, cizonka ya sauya? Mutum yana jin ko silin gashi a tsakanin haƙoransa, don haka idan ya ce sun daina zama yadda ya saba, na yarda da shi ko da hoton da ke hannunsa ya ce lafiya. Lafiyayyen babba yana buɗe baki ya ɗauki yatsunsa uku a jere, kimanin milimita 40 ko fiye. Akwai kuma gwajin da ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya: a ba mutum katakon duba maƙogwaro ya ciza da turamensa, likita ya murɗa. Mai lafiyayyen ƙashi yana riƙewa har katakon ya karye, mai karaya zafi ke sa ya saki. Kada ku gwada wannan a gida, a wurin ƙanenki ma babu buƙata, alamun sun riga sun cika.

Jinin kunnen nan shi ne abin da ba na so a wuce shi. Galibi kan muƙamuƙi ne yake dukan bangon ramin kunne ya yaga shi, don maƙwabtan juna ne. Amma fashewar gindin ƙoƙon kai ma tana kawo jini ta kunne. Kada a zuba masa komai a kunnen, kada a tura auduga. Idan kuka ga ruwa garai-garai yana fita ta kunne ko hanci, ko amai, ko yawan barci, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ciwon wuya da sagewar hannu, ko numfashi na yi masa wuya, kada ku jira gari ya waye. Saboda wannan jinin, ni da zai zo hannuna siti zan nema, ya haɗa da kai da muƙamuƙi a kwanciya ɗaya.

Warin baki kuma yana da dalili. Karayar da ta bi ta tsakanin haƙora ta yaga dasashi, buɗaɗɗiyar karaya ce a wurinmu, miyau da ragowar abinci suna shiga har cikin ƙashi. Tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda likita zai rubuta, da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci. A nan ne kuma nake roƙon Baffa ya yi haƙuri. Targaɗen muƙamuƙi daban yake, shi baki ne ke buɗewa ya ƙi rufuwa. Wannan karaya ce ake zargi, kuma idan aka ja aka murɗa, jijiyar leɓen da wataƙila matsewa kawai ta yi tana iya tsinkewa. Ma'aunin gyaran muƙamuƙi shi ne haƙoran sama da na ƙasa su koma mazauninsu daidai, kuma wannan ba a yin sa ta waje da kara da tsumma.

Gyaran iri biyu ne, wani lokaci a haɗa su. Ko a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya su zama su ne karan ɗori, na sati huɗu zuwa shida, ko a shiga ta cikin baki a ɗaure ƙashin da 'yan ƙananan faranti da kusoshi na ƙarfen taitaniyom. Idan gaɓar kunne ce ta karye ba ma son dogon ɗauri, saboda abin da Maman Ummi ta ba da labari, mun fi son a fara motsa ta da wuri. Hoton ne ke gaya mana wanne ya dace: tsayin wurin da wuyan ya karye, yawan gocewarsa, ko kan ya fita daga gurbinsa, da ko akwai saiwar haƙori a kan layin karayar. Kwana biyar ba a makara ba. Bayan sati biyu zuwa uku ƙashi ya fara kamawa a karkace, a lokacin sai an sake raba shi kafin a gyara, aikin ya fi girma, kuɗin ma haka. Daga Funtua, Shika ce ta fi muku kusa. Ku tambayi sashen tiyatar baki da fuska.

Yayar Auta ta dawo:

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa maigidana da Baffa amsoshinku a daren, Baffa bai ce komai ba, da asuba sai ga shi da kuɗin ragonsa a hannu ya ce a tafi.

Mun isa Shika da hantsi ranar Laraba. Likitar da ta fara ganinsa ba ta ko buɗe tsohon hoton ba sai da ta gama taɓa shi. Ta sa yatsunta a gaban kunnuwansa ta ce ya buɗe baki, ta ce na dama yana motsi na hagu shiru. Ta shafa masa auduga a leɓe, ta haska ƙarƙashin harshe, ta duba cikin kunnen. Sannan ta ɗora hoton namu a kan fitila ta nuna mini cewa haɓar ma rabinta ce ta shiga, kuma wurin kunnen fari ne fat, ba a rarrabe komai.

An yi OPG. Malam Mai Ɗakin Hoto, yadda ka faɗa haka na gani, muƙamuƙi a shimfiɗe kamar tabarma. Ni da ban taɓa karanta hoton asibiti ba, da idona na ga baƙin layin a dama, ya taso daga tsakanin haƙoran bayan fiƙa ya gangara har ƙasa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ta hagu kuwa likitar ta ce tana ganin wani abu amma ba za ta yanke hukunci da shi ba, sai siti. Washegari aka yi. Da aka juya mana ƙashin a allo sai ga wuyan gaɓar ta hagu a karye, ɗan kan ya kwanta ya karkata ciki amma bai fita daga gurbinsa ba. Gindin ƙoƙon kai lafiya, wuya lafiya, jinin daga yagewar ramin kunne ne. A wurin na durƙusa na yi sujada.

An sa masa faranti biyu a dama ta cikin baki, babu yanka a fuska. Ta hagu ba a buɗe ba, an ɗaura masa ƙarfe a jikin haƙora sama da ƙasa an haɗa su da 'yan robobi, sun ce za su sassauta bayan kimanin sati biyu ya fara atisayen buɗe baki. Da ya farfaɗo abin da ya fara yi shi ne ya haɗa haƙoransa, ya dube ni ya ɗaga mini babban yatsa. An sake OPG bayan aikin, haƙoran a jere, farantin biyu sun fito fari. Leɓen har yanzu a mace yake, sun ce yana iya ɗaukar watanni kafin ji ya dawo, mu riƙa kula da zafin abin sha kada ya ƙone bai sani ba.

Yanzu muna gida, ya rame sosai. Ina dama masa kunun gyaɗa da madara, da fura da nono a tace, da romon kaza da nake markaɗa dankali a ciki, yana sha da siririn tiyo ta bayan turame. Maman Ummi, don Allah me kika riƙa ba 'yarki lokacin da ba ta tauna, wanda ke riƙe ciki ya kai dare? Ƙarfe biyu na dare yake tashina da yunwa.